Sauron Zariya ne ya daina jin magani, ko maganin ne ya lalace?

Maman_Gyallesu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya, kuma abin ya tsaya mini a rai. Daren jiya wajen ƙarfe biyu autana ya farka da kuka, na haska fitilar waya, sai ga sauro uku zaune daram a jikin gidan sauro ta waje, daidai inda damtsensa ya jingina da ragar. Gidan sauron nan bai kai wata huɗu ba, wanki ɗaya aka yi masa. Na tsaya ina kallonsu, na ce bari in ga ko maganin zai kayar da su. Ko gezau. Haka ma maganin feshi na gwangwani: in fesa ɗaki in ja ƙofa, in na dawo in tarar sun zube a kan leda, amma kafin in ɗauko tsintsiya wasu sun fara wutsil-wutsil, can sai su tashi. Da ba haka muka san abin ba. Shin jabu ne ya cika kasuwa, ko sauron ne ya canza? A daminar nan kaɗai sau biyu zazzaɓi yana kwantar mini da yaron nan.

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, jabu ne kawai. Kananzir da turare ake ɗurawa a gwangwani a manna takarda. Allah ya ba yaro lafiya.

MaiKemis_SabonGari:
Jabu akwai shi Alhaji, ni kaina an taɓa kawo mini katan guda, na ɗaga gwangwani ɗaya na ji ba nauyi, na mayar wa mai shi. Amma na fi shekara goma a wannan sana'a, kuma ƙorafin Hajiya ina jin sa har a kan kayan da na san asalinsu, masu lambar NAFDAC, waɗanda na saya hannun dilan da na yarda da shi. Mutum ya saya yau, jibi ya dawo yana cewa na cuce shi. To gidan sauron fa, shi ma kananzir aka ɗura masa?

Ummu_Hanan:
Mu ma haka a Tudun Jukun. Maigida cewa yake sun saba da shi ne, kamar yadda mai cin barkono yake sabawa da yaji.

Ɗalibar_Samaru:
Anti Maman_Gyallesu, sannu da jinya. Abin da idonki ya gani gaskiya ne, kuma a kansa nake karatun digirina na biyu. Bari in ba ku labarin yadda ake gwada shi.

Ba sauron ɗaki muke kamawa ba. Tsutsarsa muke bi, da ludayi mai dogon hannu da bokiti, a kududdufan da aka haƙi ƙasar bulo, da sawun tayar mota, da sawun kofaton shanu a bakin fadama, duk inda ruwan sama ya kwanta rana tana dukansa. Tsutsar sauron maleriya kwanciya take a miƙe a saman ruwa kamar tsinke, ta sauron kwata kuwa rataye take kai a ƙasa, da haka muke rarrabe su. Mu kai ɗakin gwaji mu rene su a roba har su zama sauro, muna ba su ruwan sukari a auduga. In matan suka kwana uku zuwa biyar sai a zuba 20 zuwa 25 a cikin wani bututun roba da aka shimfiɗa wa takarda mai magani. Awa ɗaya cif za su yi a ciki, a fitar da su, a jira awa 24, sannan a ƙirga matattu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce in 98 cikin 100 ko fiye suka mutu, magani na ci. In abin ya gaza 90, sauron wurin ya zama mai jurewa.

Ranar da na fara ƙirga nawa, da na leƙa da safe jikina ya yi sanyi. Masu rai sun fi matattu yawa, suna ta shawagi suna shan sukarinsu. Takardar kuma lafiyarta ƙalau, domin akwai wani sauro da ake reno a ɗakunan gwaji shekara da shekaru, ana ce masa Kisumu, da sunan garin Kenya da aka samo shi. Shi bai san magani ba, in aka sa shi a irin wannan takardar ƙarƙaf yake mutuwa.

Malamin_Bayoloji:
Ummu_Hanan, ki gaya wa maigida maganar sabo ta kusa amma ba ta kai ba. Sauro ɗaya ba ya daɗewar da zai saba da wani abu, 'yan makonni ne ya mutu. Abin da ke faruwa zaɓen iri ne. Manomi in ya girbe dawa yakan ware zangarniyar da ta fi kyau ya rataye don shukar baɗi. Mu ma haka muke yi wa sauro ba da saninmu ba. A cikin dubbai akwai 'yan kaɗan da Allah ya halitta da wani bambanci da ke sa magani bai kashe su. Ka fesa, ka kashe sauran, ka bar wa waɗannan fili. Macen takan zuba ƙwai ɗari ko fiye a zubi ɗaya, kuma da zafin nan namu daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana goma ne ko ƙasa da haka. Ku lissafa zuriya nawa ke nan a damina guda. 'Ya'yan duk su gaji abin da ya ceci iyayensu.

Baban_Khalifa:
To Malam, mene ne bambancin? Fatarsu ce ta yi kauri ko me?

Ɗalibar_Samaru:
Baba, har kaurin fatar akwai, an samu wasu da ɓawon ƙafafunsu ya ƙara kauri, magani yana jinkirin shiga. Amma babban abin a ciki yake, sunansa inzayim.

Inzayim sinadari ne da jiki ke ƙerawa da kansa don ya sarrafa wani abu. Ga wanda kowa zai iya gwadawa: ka tauna gurasa ko farar shinkafa ka daɗe ba ka haɗiye ba, za ka ji ta fara zaƙi. Inzayim ɗin cikin yawu ne ya fara farfasa ta zuwa sukari. Hantar mutum ma cike take da wasu, su ke narkar da maganin da muka sha jiki ya fitar da shi, shi ya sa likita ke cewa a ƙara sha bayan awa kaza. Sauro yana da nasa, manyan gidaje uku: dangin P450, dangin GST, da dangin estares. A P450 kaɗai, sauron maleriya yana da ƙwayoyin gado sama da 100 masu ƙera su. An san haka tun da aka karanta taswirar gadonsa gaba ɗaya a 2002.

Canjin iri biyu ne. Na farko yawa. Gonar da mutum ɗaya zai kwana uku yana nomewa, in aka kira gayya kafin azahar an tashi. Sauro mai jurewa gayya yake kira: inzayim ɗin da ɗan'uwansa ke ƙerawa kaɗan, shi yana ƙera ninkin-ba-ninkinsa. Biyu da suka yi suna a sauron Afirka ta Yamma su ne CYP6P3 da CYP6M2, an tabbatar suna farfasa fametirin da deltametirin, wato magungunan da ake sa wa gidan sauro. Kafin gubar ta taru a jijiya ta yi kisa an riga an narkar da ita. Anti, waɗanda kika ga sun faɗi sun tashi, mai yiwuwa abin da ya faru ke nan: maganin ya bugar da su, inzayim ya share shi daga jikinsu, suka farfaɗo.

Na biyu siffa. Akwai wani inzayim, GSTe2, da ke lalata DDT, wani tsohon maganin kashe ƙwari. A wani nau'in sauron maleriya da ake kira funestus, a ƙasar Benin, an gano tubali ɗaya tak ya sauya a gininsa, a gurbi na 119, sai ramin da DDT ke shiga ya ƙara faɗi. Kamar a sake sassaƙa turmi ya ƙara ci. A 2014 aka wallafa wannan.

Hajjo_Wusasa:
Ikon Allah! Ɗan mitsitsin abin nan duk wannan na cikinsa?

Likitan_Dabbobi_Bomo:
Ƙanwata kin yi bayani, Allah ya ƙara basira, amma kin bar rabi. Ba duk jurewa ce narkarwa ba. Wani lokaci wurin da gubar ke kamawa ne yake canzawa.

Magungunan gidan sauro da DDT duk ƙofa ɗaya suke nufa, wata 'yar kafa a jikin jijiya da sinadarin sodiyam ke bi. Suna tokare ta a buɗe, jijiya ta yi ta harbawa har sauro ya sanƙare. To in tubali ɗaya ya sauya a gurbi na 1014 na wannan kafa, maganin ba ya samun wurin kamawa da kyau. Ana ce masa kdr, an fara bayyana shi a sauron Afirka ta Yamma a 1998. Kuma ba nesa da mu yake ba: masu bincike daga Jami'ar Bayero sun kwashi sauro a Auyo da Bunkure, wuraren noman rani, suka same shi da yawa a cikinsu, sun wallafa a 2014.

Sannan akwai wanda ya shafi inzayim kai tsaye. A mahaɗar jijiyoyi akwai wani mai suna asetilkolinestares, aikinsa ya goge saƙo bayan ya isa, don kada jijiya ta yi ta maimaita shi. Shi fiya-fiya da danginsa ke kamawa su danne, da kuma magungunan feshi na dangin kabamet irin su bendiyokab. A wasu sauron tubali ɗaya ya sauya a bakin wannan inzayim, mashigar ta ƙuntata, gubar ba ta shiga da sauƙi. Sai dai canjin yana da tsada a gare su, domin inzayim ɗin ya rage ƙarfin aikinsa na asali, da yawansu kan mutu tun suna cikin ruwa. Abin mamaki, an samu wasu da suka ninka ƙwayar gadon, suna ɗauke da tsohon samfur da sabo a tare, sun ci riba biyu.

Mu a wajen dabbobi mun daɗe muna ganin irin wannan a kaska. Bafulatani ya zo ya ce maganin wankan da ya saba da shi ya daina zubar da ita, ya ƙara awo, saniya ta sha wahala, kaskar na nan.

Ɗalibar_Samaru:
Haka ne Yaya, na gode da cikawa. Kuma sau da yawa sauro ɗaya ne ke ɗauke da biyun, ga kdr ga gayyar inzayim. Yadda muke gane hannun P450 a ciki shi ne mu fara sa su awa ɗaya a takardar wani sinadari mai suna PBO kafin a kai su ga maganin. PBO shi kaɗai ba kisa yake ba, ɗaure hannun P450 yake. In bayan haka mace-macen suka ƙaru sosai, mun san inzayim ne ke kare su. In ba su ƙaru ba, a nemi dalilin a wani wuri.

ManominGalma:
Ina ta karantawa tun ɗazu. Ni tumatir da kabeji da attaruhu nake yi a bakin Galma, wajen Dakace. Wani yaro ɗan jami'a ya taɓa zuwa lambuna ya ce wai mu manoma mu muka ɓata sauro. Raina ya ɓaci ranar. Ni tsutsar tumatir nake fesa wa, ina ruwana da sauro? In ban fesa ba kwando nawa zan ɗauka? Don Allah a yi mini bayani, ban da zargi.

Malamin_Bayoloji:
ManominGalma, ba wanda ya isa ya zarge ka a kan neman abincin iyalinka, da tumatirinka muke miya. Amma ɗauko kwalbar maganin da kake fesawa ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasan sunan. In ka ga kalma mai ƙarewa da haruffan thrin, to gida ɗaya suke da maganin gidan sauro. Abin da ya zuba a ƙasa ruwan ban-ruwa yana wanke shi zuwa kwalbati da 'yan ramukan gefen lambu, inda tsutsar sauro take. A can ya riga ya tsinke, bai isa ya kashe duka ba, sai ya kashe raunana ya bar masu ƙarfi. Kafin sauron ya fito ya taɓa ganin gidan sauro an riga an tace shi.

ManominGalma:
To gaskiya a nan muke wanke famfon feshi, a ramin da muke jan ruwa da inji. Kowa haka yake yi. Kuma in magani ya ƙi ci mukan ƙara murfi ɗaya ko biyu a kan abin da aka rubuta, ko mu haɗa kala biyu. Ban taɓa kawo sauro a lissafin ba.

TsohonMalaminGona:
Yarana, ku bari tsoho ya sa baki. Maganar nan ta girmi yawancinku. A 1954 aka fara wani babban aikin feshin ɗakuna a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, ana gwada magunguna ciki har da wani mai suna diyaldirin. Ba a rufe shekara biyu ba, a 1955, aka tarar sauron Ambursa ya daina mutuwa da shi. Wannan na cikin na farko-farko da aka rubuta a kan sauron maleriya na Afirka, kuma a ƙasarmu ya faru. Bayan nan aka yi aikin Garki, a Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnati suka fesa ɗakuna da furofoksa suka raba magani. Zazzaɓin ya ragu ƙwarai amma bai yanke ba, ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya kwana a bangon ɗaki, ya ci ya fita waje.

Ni kuma da ƙuruciyata na zagaya ƙauyukan Giwa har zuwa Funtuwa muna koya wa manoma feshin auduga. Mu aka turo mu ce a fesa, kuma mun faɗa da zuciya ɗaya, don auduga ba ta yi sai da feshi. Ba wanda ya ce mana mu dubi kududdufin gefen gona. Don haka ManominGalma, in laifi ne, ba daga kanka ya fara ba. Ka dai daina wanke famfo a ramin ruwa, ka haƙa ɗan rami can nesa a tudu ka riƙa zubarwa. Ko don yaran da ke wanka a wurin.

Hajjo_Wusasa:
Allah ya ƙara girma Baba. Mu dai a gidanmu ganyen darbejiya da ɓawon lemo muke turarawa da magariba, sai ɗoɗɗoya a bakin taga. Shi ma za su jure shi?

Ɗalibar_Samaru:
Hajiya, hayaƙin yana korarsu na ɗan lokaci, amma sauron maleriya tsakar dare ya fi cizo, lokacin garwashin ya mutu. Tambayarki ta tuna mini wani abu. Inzayim ɗin nan ba don maganinmu aka halicce su ba. Tsutsar sauro a cikin ruwan ruɓaɓɓen ganye take girma, sauro babba kuma ruwan fure yake sha, tsirrai kuwa suna da gubarsu ta kare kai. Da waɗannan inzayim ɗin yake narkar da ita tun fil azal. Maganin gidan sauro kansa kwaikwayon gubar wani fure ne da ake nomawa a Kenya. Kin ga kayan aikin yana hannunsa tun da can, mu dai mun sa ya ƙara yawansu.

Abban_Muchiya:
Ni duk wannan bayanin bai hana ni abin da na sani ba. Fiya-fiya nake yayyafawa a lungunan ɗaki, da safe har kyankyasai zan share. Shi kam ba sauron da ya isa.

NasɗinUnguwa:
Abban_Muchiya, don girman Allah ka daina. Ka koma ka karanta abin da Likitan_Dabbobi_Bomo ya rubuta: inzayim ɗin da fiya-fiya ke dannewa a jijiyar sauro, akwai irinsa a jijiyarka da ta 'ya'yanka. Na taɓa karɓar yarinya 'yar shekara uku da asuba, yawu na dalala, ƙwayar idonta ta ƙanƙance kamar kan allura, ƙirjinta na ƙugi. A ɗakin da aka yayyafa aka rufe ta kwana. Allah ya yi da sauran kwananta. Maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba.

Kuma ina roƙon kowa, kada wani ya karanta muhawarar nan ya je ya naɗe gidan sauronsa. Raga ko ba magani shinge ce. Sannan jurewar nan tana raguwa in sauro ya tsufa, ƙwayar maleriya kuwa sai ta yi kwana goma zuwa sha huɗu a cikinsa kafin ya iya sa wa wani. Wato tsofaffin su ne masu haɗari, kuma su maganin ya fi kamawa. An ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa miliyan 663 a Afirka, kashi 68 cikin 100 albarkacin gidan sauro. Ƙasarmu ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, ba mu da halin wasa da shi.

Injiniya_Hanwa:
Wata tambaya. Wa ya ce sauron da Maman_Gyallesu ta gani na maleriya ne? Mu a cikin gari wanda ya fi damunmu mai kukan nan ne a kunne, ɗan kwata da masai. In lambatun Tudun Wada da Sabon Gari suna toshe da leda, ko wane irin inzayim aka gano sauro ba zai ƙare ba.

Malamin_Bayoloji:
Tambaya mai kyau Injiniya. Ɗan kwata, wato kyuleks, ba ya ɗaukar maleriya, kuma shi ma gwani ne a jurewa, nasa salon shi ne ya ninka ƙwayar gadon estares sau da yawa, inzayim ɗin ya riƙa cafke gubar kamar soso. Hajiya, in kin sake gani ki duba zamansa. Na maleriya yana ɗaga bayansa sama, kamar an soka tsinke a karkace. Ɗan kwata jikinsa a kwance yake daidai da bango. Gyaran lambatu zai rage ɗan kwata, amma na maleriya ruwan sama mai ɗan tsabta yake so, irin ramukan bulo na bayan gari.

Baban_Khalifa:
Ni fa har yanzu ina da shakka. Duk shekara a ce wancan ya daina aiki ga sabo, sabon kuma ya fi tsada. Wa ke cin ribar? Kamfanonin waje ne.

MaiKemis_SabonGari:
Riba kam suna ci Alhaji, ba wanda ke ƙera abu don Allah. Amma sauron Kisumu da ɗalibarmu ta ambata ba shi da hannun jari a kamfani. Takarda ɗaya, wannan ya mutu wancan ya rayu.

Ɗalibar_Samaru:
Baba, shakkarka tana da amfani, shi ya sa ba a karɓar sabon abu sai an gwada shi a kan mutane a ƙauyuka. Gidan sauro mai PBO an gwada shi a Muleba ta Tanzaniya, sakamakon ya fito a 2018: a shekarar farko yaran ƙauyukan da aka ba shi sun fi ƙarancin ƙwayar maleriya a jini da kusan kashi 44 cikin 100 a kan masu na da. Rauninsa shi ne PBO yana saurin barin raga fiye da maganin, musamman in ana yawan wanki da omo ana shanyawa a rana.

Wanda ya fi burge ni shi ne gidan sauro mai wani magani da ake kira kulofenafir, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2023. Shi yadda yake a jikin raga bai gama zama guba ba. Sai ya shiga jikin sauro, P450 ya taɓa shi da niyyar lalatawa, a nan yake rikiɗa ya zama gubar gaske, ya kashe wutar da ƙwayoyin jiki ke samun ƙarfi da ita. Gayyar da sauron ya kira ita ke dafa masa abin da zai kashe shi. Kuma ba jijiya yake bi ba, don haka kdr ba ta da amfani a kansa. Sai dai a hankali yake kisa, har awa 72 ake jira kafin a gama ƙirga. Wanda ya rataya irinsa zai iya ganin sauro zaune a jiki ya ce ba ya aiki, alhali ya riga ya ɗauki ajalinsa.

Likitan_Dabbobi_Bomo:
Shi ma in aka dogara da shi kaɗai shekara da shekaru za a zaɓi masu jure shi, yadda aka yi da diyaldirin da DDT. Kuma ana sayar da kulofenafir a matsayin maganin gona. Abin da ya fi damuna ke nan, masu kula da lafiya da masu kula da noma kowa na rabon nasa, a kan sinadari ɗaya, a kududdufi ɗaya.

Ummu_Hanan:
To mu da ba mu da zaɓi, abin da aka raba shi muke karɓa, ya za mu yi? Ni dai na ji maganar omo da rana, daga yau sabulun wanki da inuwa. Igiyar leƙo kuma tari take sa wa yarana.

NasɗinUnguwa:
Ummu_Hanan, ki ɗinke duk hujin da kika gani, ki cusa gefen a ƙarƙashin katifa, ki matsar da yaro tsakiya kada jikinsa ya taɓa raga. In masu rabon maganin rigakafin damina na yara 'yan wata 3 zuwa 59 sun zo, ki karɓa, ki cika na kwana ukun kowane wata. Zazzaɓi kuma a yi gwaji kafin a sha magani.

Maman_Gyallesu:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri, jikin yaro da sauƙi. Na je na duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a kusurwar gidan sauron. Deltametirin kawai aka rubuta, ban ga PBO ba. Na kuma sami huji biyu ta wajen ƙafa da ban lura da su ba, na ɗinke. Daren jiya na sake haskawa, Malam, guda biyu na gani, ɗaya a kwance ɗaya ya ɗaga baya sama. Ke nan duka biyun muna da su. Bayan gidanmu kuwa akwai ramin da aka haƙa ana gini tun bara, ruwa na kwance a ciki, zan yi wa maigida magana su ga mai filin. Alhaji Baban_Khalifa, gwangwanin feshin nawa dai har yanzu ban san ko na gaske ne ko jabu ba. MaiKemis, ana samun mai PBO ɗin a kasuwa, ko sai an jira rabo?

MaiKemis_SabonGari:
Zan tambayi dilana gobe in Allah ya kai mu, Hajiya. In ya ce akwai sai na ga rubutun da idona kafin in faɗa miki.

ManominGalma:
Na duba kwalabe uku da ke rumbuna, biyu suna da haruffan da Malam ya faɗa. Ramin wankin famfo zan haƙa, wannan mai sauƙi ne. Amma tsutsar tumatir in ta zo a watan sanyi, me zan fesa da ba dangin nan ba? Wannan ba wanda ya amsa mini.

TsohonMalaminGona:
Ka ɗauki ganyen da tsutsar a leda ka kai wa masu binciken ƙwari a cibiyar binciken noma ta Samaru, su ga ko wace iri ce tukuna. Maganin wata ba shi ne na wata ba.

Ɗalibar_Samaru:
Baba ManominGalma, in ka yarda ina so in zo da ludayina in ɗebi tsutsa a ramin nan kafin ka daina wanke famfo a ciki, in kuma ɗebi ta ramin bayan gidan Anti a Gyallesu, in gwada su gefe da gefe, da PBO da babu. Wace rana kake lambu da safe?

ManominGalma:
Kullum ina can bayan asuba, ban da Juma'a. Ki taho da takalmin roba, wurin akwai laka.